Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi a Kan Tanadin Gida

Darasinmu na wannan karo a kan rumbu ne da ɗakin ajiya, da abin da ya kamata a tarar a cikinsu ranar da kasuwa ta ƙi ci. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan takardar Dayosis da buhun masara? Sai mu roƙe shi ya tsaya a ƙofar majami'a wata Lahadi cikin watan Agusta, bayan an tashi daga Mas, ya ƙirga iyaye mata da suke raɓe-raɓe suna jiran Fada ko katikis domin su roƙi kwano ɗaya na hatsi su kai wa yara. Wanda ya ga wannan ba zai sake tambaya ba.

Abin da idonmu ya gani

A ƙarshen Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo, Gwamnatin Tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja, jihohi irin su Kaduna da Kano da Filato kuma suka kulle nasu. Aka rufe kasuwanni, aka rufe majami'u, da yawanmu muka yi Ista ta wannan shekara a cikin gidajenmu. Gidan da yake da hatsi a ƙasa ya sha ƙunci, amma ya ɗora tukunya. Gidan da ya saba sai maigida ya fita ya samo kafin a yi awo, cikin kwana uku ya ga tashin hankali.

A ƙarshen Fabrairu na 2021 fataken abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu har kusan mako guda. Tumatir ya yi tsada ƙwarai a Legas, a nan Arewa kuwa yana ruɓewa cikin kwando ba mai saye. A Oktoba na 2022 ambaliya ta haye hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, man fetur ya yanke a Abuja. A farkon 2023 aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin kuwa ba su wadata ba. Mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, manomi ya karyar da buhunsa domin kawai ya riƙe tsabar kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuma ya hau kan kowane kwano na abinci. Kafin tsakiyar 2024, bisa ga lissafin hukuma, tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda.

Mu lura da abu ɗaya: yawancin waɗannan wahaloli ba rashin amfanin gona ne ya kawo su ba. Abincin yana nan, hanyar da yake bi ya iso gare mu ita ce ta yanke. Ɗauki burodin da yaro yake ci da safe. Yawancin alkamar da ake yinsa da ita daga ƙetare take zuwa. Jirgin ruwa ya sauke ta a tashar Legas, a niƙa ta, a loda fulawar a tirela, tirela ta ci kimanin kilomita 1,000 ta haye Kwara ta gadar Jebba ko ta kusa da Lakwaja, ta sauke wa ɗan sari, ɗan sari ya sayar wa mai gidan burodi. A kowane zango ana bukatar man gas, da hanya mai lafiya, da kuɗi, da zaman lafiya. In ɗaya ya ɓaci, sauran sun tsaya. Shi ya sa yaƙin Rasha da Ukraine, wanda ya ɓarke a Fabrairu na 2022 a wata nahiya dabam, ya iya rage girman burodi a Kafanchan da Zuru. Haka labarin sukari yake, da sabulu, da maganin asibiti, da takin zamani.

Kakanninmu ba su dogara ga hanya mai tsawo haka ba, amma sun san yunwa fiye da mu. Yunwar 1914 har suna aka sa mata, Kakalaba. Dattawanmu da suke raye suna tuna farin 1973, suna kuma tuna 1984, shekarar da aka yi ta bin dogon layi domin sayen madara da sukari da sabulu, aka sauya kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, har mutanen gabashin Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Abin da ya riƙe gidaje a irin waɗannan shekaru shi ne rumbu. Maigida na dā yana da rumbun ci, yana da wanda ba a buɗewa sai damina ta faɗi ana aikin gona, iri kuma yana rataye dabam inda hayaƙi yake taɓa shi. Mu da muka koma birni mun bar rumbu a ƙauye, ba mu kuwa sa wani abu a madadinsa ba.

Rumbu biyu a cikin Littafi Mai Tsarki

Akwai Kiristocin da suke jin nauyi a zuciya idan an yi maganar ajiya, suna ganin kamar rashin dogara ne ga Allah. Akwai kuma waɗanda suke tara kaya har ɗaki ya cika, su ce hikima ce. Dukansu biyu suna iya kawo aya. Saboda haka ya kamata mu karanta a hankali.

A Littafin Farawa sura 41, Allah ya nuna wa Fir'auna cikin mafarki shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, Yusufu kuma ya fassara, ya ba da shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ana ajiyewa a birane. Mu dubi yadda ya yi. Ya tara a shekarun yalwa, lokacin da tarawa ba ta cire lomar kowa daga bakinsa. Ya tara da ma'auni, gama kashi huɗu ya bar wa mutane. Da yunwa ta zo kuwa ya buɗe ɗakunan ajiya, har baƙi daga wasu ƙasashe suka samu, har 'yan'uwansa da suka sayar da shi. Amma kada mu rufe littafin a nan. Sura 47 ta faɗa mana cewa da kuɗin Masarawa ya ƙare sun ba da dabbobinsu, da dabbobi suka ƙare suka ba da gonakinsu da kawunansu ga Fir'auna domin hatsi. An ceci rayuka, gaskiya ne, amma mutanen da ba su da ajiyar kansu sun wayi gari bayi a ƙasarsu. Ba mu cika jin wa'azi a kan wannan sura ba, alhali kuwa ita ce ta fi kama da abin da yake faruwa da manomin da ya ci bashi da damina ya biya da buhu biyu da kaka, ko ya jinginar da gonar gado domin abincin wata guda.

A Littafin Fitowa sura 16 kuma, Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji, ya ce kowa ya ɗibi na yini. Waɗanda suka yi kwaɗayi suka ɓoye domin gobe, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Duk da haka, a wannan sura ɗin dai, an umarce su su ɗibi ninki biyu a rana ta shida saboda Asabar, wannan kuwa bai lalace ba. Ashe ajiyar da aka yi saboda ranar da aka san ba za a samu ba tana da albarka, wadda aka yi saboda rashin yarda da Mai bayarwa ita ce ta ruɓe.

Rumbu na biyu yana cikin Bisharar Luka sura 12. Wani mai arziki gonarsa ta yi albarka har ya rasa wurin zuba amfani, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci ya sha shekaru masu yawa. A daren nan Allah ya kira shi wawa, ya karɓi ransa. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, hatsinsa ne na halal. Amma a cikin dukan shawarar da ya yi, da kansa kaɗai ya yi magana. Babu ma'aikatan da suka yi masa noma a lissafinsa, babu maƙwabci, babu gwauruwa, babu Allah. Nan da nan bayan wannan misali Ubangijinmu ya nuna wa almajiransa hankaki, waɗanda ba su da rumbu amma Allah yana ciyar da su. Abin da ya hana a nan shi ne damuwar da take cin zuciya har mutum ya mai da rumbu allahnsa. Bai hana uba ya yi lissafin abincin 'ya'yansa ba. Manzo Bulus ma ya tsawata wa mai bi da ba ya kula da iyalinsa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 5.

To, buhun tanadi da buhun ɓoyo kamarsu ɗaya, ɗinkinsu ɗaya. Abin da yake raba su shi ne amsar da mai shi zai bayar idan an tambaye shi yaushe ya saya, nawa ya saya, domin wa kuma ya ajiye. Wanda ya sayi abincin iyalinsa da kaka, kasuwa tana cike, ya taimaki manomi ya taimaki gidansa. Wanda ya ji raɗe-raɗin kulle ya ruga kanti ya kwashe gishiri da shinkafar da za ta ishi gida goma, shi ne ya kawo ƙarancin da yake tsoro, wanda zai fara shan wuyarsa kuwa shi ne lebura da yake sayen rabin kwano kullum da yamma. Wanda kuma ya kulle buhu ɗari yana addu'a a ɓoye farashi ya tashi, Littafin Karin Magana sura 11 ya riga ya faɗi abin da jama'a za su yi masa: la'ana. Katikisma ta Ekklesiya Katolika, a lamba 2409, ta lissafa ƙara farashi ta wurin amfani da wahalar wani cikin abubuwan da suka saɓa wa doka ta bakwai, watau tana ɗaukarsa a layi ɗaya da sata. Ko ta fuskar kasuwa ma ba kullum ake cin riba ba; a 2025 farashin hatsi ya faɗo, masu jiran tsada da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Wannan koyarwa tsohuwa ce. A wajen shekara ta 369 aka yi fari mai tsanani a Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Waliyyi Basil, wanda a lokacin firist ne a birnin Kaisariya, ya yi wa'azi a kan wannan misali na mai arziki har masu hatsi suka buɗe ɗakunansu. Shi kansa ya sayar da gadonsa, ya ɗora manyan tukwane, ya riƙa raba abinci da hannunsa, har 'ya'yan Yahudawa suna ci tare da na Kirista.

Nawa, da mene ne

Yanzu mu sauko ga lissafi, gama tanadin da ba a auna ba ko ya gaza ko ya zama ɓarna. Masu aikin agaji sukan ƙiyasta wa mutum ɗaya kimanin giram 400 na hatsi a rana, tare da ɗan wake da mai da gishiri. Gida mai mutum 8 ke nan yana cin kilo 3 da 'yan kai a yini, kusan kilo 100 a wata, watau buhu guda mai kwano 40 ko kusa da haka. Watannin da suka fi tsanani a ƙasarmu su ne Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Manomi mai irin wannan gida, in ya ware buhu uku tun da kaka ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne ko da me, ya tsare gidansa daga bashin damina. Ma'aikacin birni ya sa wa kansa burin abincin wata guda a ƙasa. In bai iya ba, na mako biyu. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ƙara kwano ɗaya a kan awonsa duk sa'ad da hali ya yi, ko uwargida ta riƙa cire tafi ɗaya kafin ta kai niƙa ta zuba a wani mazubi. Da yayyafi kogi kan cika.

A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin hatsin da muke nema da kuka a Agusta, mu ne muka sayar da shi da araha a Nuwamba da Disamba. Kuɗin makaranta wajibi ne, asibiti wajibi ne, ba mu da ta cewa. Amma akwai buhunan da suke tafiya a ankon biki, da gasar kayan Kirsimeti, da tukunyar burkutu. Haihuwar Ubangijinmu ba ta bukatar mu ci abincin damina a cikin mako guda.

Hatsi kaɗai ba ya yin tuwo da miya. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin abin da yake daɗewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, daddawa, kanwa, gishiri, wake, gyaɗa, garin rogo. Tumatir da ake zubarwa a kasuwa da rani saboda araha, in an yanka an shanya a kan tabarma mai tsabta, shi ne miyar damina. Mangyaɗa da manja a sa su inda rana ba ta bugu, kada kuma a tara fiye da na 'yan watanni, gama suna sauya ɗanɗano. Sai sabulu, ashana, tocila da batir, gawayi ko itace a inda ruwa ba ya taɓawa. Ruwan sha kuwa mun cika mantawa da shi sai famfo ya ɗauke. A lokacin tsanani ana lissafa wa mutum ɗaya aƙalla lita 15 a rana domin sha da girki da tsabta, saboda haka jarka mai lita 25 ba ta kai wa mutum biyu yini guda ba.

Gidan da yake da mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya, ko mai shan maganin ƙanjamau, kada a jira ƙwaya ta ƙarshe kafin a nemi wata. A yi magana da ma'aikacin lafiya a kan yadda za a kasance da na 'yan makonni a gaba, a riƙa duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin kwali. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na gudawa saboda yara. In babu, a san haɗinsa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ya faru a 2023 kuma ya koya mana a bar ɗan tsabar kuɗi a gida, ƙananan takardu, gwargwadon cefanen mako.

Abu ɗaya muke roƙo da babbar murya kada a ajiye a cikin gida: man fetur. Tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da fitila ko murhu a wani ɗaki. Jarkar da aka ɓoye a ƙarƙashin gado domin gudun layi ta sha cinye gida da mutanensa.

Yadda za a tsare abin da aka ajiye

Hatsi yana da maƙiya huɗu: laima, ƙwari, ɓera da gara. Laima ce babba. Masara ko gyaɗar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta, take hana yara girma, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. Akwai gwaji mai sauƙi. A sami busasshiyar kwalba, a zuba tsabar hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Wadda ta riga ta yi fumfuna a tsince a zubar, kada a ce a ba yara ko kaji.

Hatsi ya fi daɗewa a cikin rigarsa. Gero da dawa a dami sun fi tsaba daɗewa, tsaba ta fi gari, gyaɗa a cikin ɓawonta ta fi ɓararriya, shinkafa shanshera ta fi gyararriya. Saboda haka a niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai. A ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a rubuta watan da aka ajiye a jikin kowane, a fara cin tsoho kafin sabo.

Wake ne ya fi ba mu wahala, a nan kuwa muka fi yi wa kanmu lahani. Wasu suna yayyafa masa maganin ƙwari na ruwa irin wanda ake fesa wa gona ko sauro. Guba ce wannan, wanki ba ya fitar da ita duka. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi karɓa kuwa bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a kwano ba. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhuna tana fitar da iska mai kisa, aikin waɗanda aka horar ne a ɗakin ajiya da ba a kwana kusa da shi, ba ta ɗakin kwana ba ce ko kaɗan. Hanya mafi lafiya ita ce a hana ƙwaro numfashi. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin kada su kasance da huji, a zuba busasshen wake ko masara, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da suke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa kada a riƙa buɗewa kullum, kada kuma ɓera ya huda. Jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, in an cika ta har baki an toshe sosai, ita ma tana yin wannan aiki. Dabarar iyayenmu ta gauraya wake da toka mai laushi har yanzu tana da amfani ga ɗan kaɗan.

Ga 'yan'uwanmu na ƙauyukan da ake kai wa hari, mun san wannan magana tana da ɗaci, gama sun tara sun ga an ƙone rumbu a dare ɗaya. Inda hali ya yi, kada a zuba duka a wuri guda. A kai wani kashi gidan ɗan'uwa amintacce a gari. Takardun gona da na makaranta da katin baftisma kuma a haɗa su a leda ɗaya, inda hannu zai kai cikin duhu.

Wanda ba shi da abin ajiyewa

Duk abin da muka faɗa yana da amfani ga mai ɗan abin hannu. Amma a kowane benci na majami'armu akwai gwauruwa mai marayu, da wanda rikici ya koro daga gonarsa, da tsoho wanda 'ya'yansa suka yi nisa. In an ce musu su tanadi abincin wata guda, an yi musu ba'a ne. Littafin Ayyukan Manzanni sura 11 ya nuna mana abin da Ekklesiya ta fari ta yi. Annabi Agabus ya faɗa wa masu bi na Antakiya cewa babbar yunwa tana zuwa, ta kuwa zo a zamanin Kalaudiyas. Da jin haka sai kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Labarin yunwa bai sa sun ruga kasuwa kowa ta kansa ba.

Kowace shekara muna kawo buhuna da damuna gaban bagade a ranar godiyar kaka, sau da yawa kuma a yi gwanjonsu a ranar, a daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Me zai hana majalisar majami'a ta ware wani kashi ta ajiye har Yuli? Ba sabon abu ba ne. Ƙauyuka da yawa a Nijar da sauran ƙasashen Sahel sun kafa irin wannan rumbun jama'a bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Ana saye da kaka, a sayar da damina kwano-kwano a farashin da ya fi na kasuwa sauƙi amma zai mayar da uwar kuɗi, a ƙayyade abin da gida ɗaya zai iya saye domin kada ɗan kasuwa ya kwashe. Da yawa cikinsu sun mutu, ya kamata mu san abin da ya kashe su: bashin da ba a biya ba, da mabuɗi a hannun mutum ɗaya, da lissafin da ba a karanta wa jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bai kuma kamata ya riƙe mabuɗi ba. A sa kwaɗo biyu ko uku, Zumuntar Mata su riƙe ɗaya, gama su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul ta tsara sunayen waɗanda za a ba kyauta. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a bayan Mas. A kuma sa ranar buɗewa tun da wuri a cika ta. Mun ga abin da ya faru a Oktoba na 2020, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafin korona a Bukuru da wasu garuruwa, watanni bayan lokacin da aka fi bukatarsu. Maƙwabcinmu Musulmi ko mai bin al'adar gargajiya, in ya zo da kwanonsa, a auna masa da ma'auni ɗaya da namu, yadda Basil ya yi.

Saura tambaya mafi wuya, wadda kowane magidanci da kowace uwa za su gamu da ita. Agusta ta yi tsakiya, buhu ya kai rabi, lissafi ya nuna da ƙyar zai kai yara sabon hatsi, sai ga sallama a ƙofa. Ba mu da wata doka da za mu rubuta a kan wannan, ba kuma za mu hukunta uwar da ta ji tsoro ba. Shawararmu ita ce a amsa tambayar tun da kaka, lokacin da amsar take da sauƙi. Gida mai mutum 8 ya yi lissafinsa a kan mutum 9. Rabon wannan baƙo da ba a san sunansa ba tukuna kimanin kwano 5 ne a wata, kwano 15 na watanni ukun damina. A zuba shi a mazubinsa dabam, kada hannu ya saba da shi.

Muna roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata da na maza da matasa su karanta wannan darasi a taronsu na gaba tare da Farawa 41 da Luka 12. Kowane gida ya zo da lissafinsa a rubuce: mutum nawa ne, kwano nawa suke ci a mako, kwana nawa kuma abin da yake ƙasa yau zai kai su in an wayi gari ba kasuwa.